Musa Ibrahim biyu a gida ɗaya

Laraba, bayan sallar isha'i

Yau ƙa'idar da na ɗora wa teburin bayanan marasa lafiya na asibitin unguwarmu ta rushe. Lokacin da nake tsara shi a kwamfuta, na bi layukan sunayen duka, na ga duk inda suna da gida suka zo ɗaya, mutumin ɗaya ne. Sai na mai da hakan doka, na haɗe masu kama da juna. Layukan da ke gabana kawai na tambaya, ban tambayi kowa ba.

Da hantsi, ina asibitin, Baba Musa na Kabara ya zo karɓar maganin hawan jini. Malama Binta mai rajista ta duba, ta rage murya.

"Baba, a nan an rubuta Musa Ibrahim ya rasu."

"Jikana ne, 'yata, takwarana," in ji shi. "Shi ya tafi. Ni aka bari."

A cikin birni na tashi. Na san Musa ɗan Ibrahim kan haifi Ibrahim, Ibrahim ɗin ya mayar wa ɗansa sunan mahaifinsa, duk a gida ɗaya. Na raba layin, ya karɓi maganinsa, har ya sa mini albarka. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.