Rufin da Ka Yi wa Su Monita

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Baba, ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Na san ba a saba ba, kuma sai da na yaga takarda uku kafin wannan. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka, kuma ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Inna da ƙannena suna gaishe ka.

Har yanzu muna gidan mai kemis. Yau kwana tara ke nan da iskar la'asar ɗin nan ta yaye mana rufi. Sun karɓe mu hannu biyu, ba zan ci haƙƙinsu ba. An shimfiɗa mini katifa a ɗakin 'yarsu, wadda muke aji ɗaya, muke ce mata Monita. Abin da ke damuna daga nan ya faro, kuma ina jin kunyar faɗarsa.

Kai ka gina gidan nan, Baba, kuma ko kwano ɗaya bai ɗaga ba. Duk wanda ya zo yi mana jaje, sai ya ɓige da yabon ginin. Monita ta mayar da kai abin taƙamarta. A aji ta ce, "Maginin babanmu ai ba ya wasa da aiki." Wata ta ce, "Ba baban Shiru-shiru ba ne? To nasu rufin da yawu ya liƙa shi?" Aka yi ta dariya. Monita ta tsawatar musu, ni kuma sai na ƙara jin haushinta. Tun ranar ban amsa mata magana da daɗin rai ba, alhali ita ta ara mini rigar makaranta.

Ranar da muke kwashe kaya na tsinci ɗan littafin ƙa'idojin gini a akwatin kayan aikinka, ya sha ruwa. Na shanya shi na karanta. Shafukan farko na dole ne. Na ƙarshe kuwa an ce ƙarin kariya ne daga iska da ambaliya, wanda ya ga dama ya yi, wanda bai yi ba babu mai tuhumarsa. A ɗaga tushen gini, a zagaye saman bango da linta, a ɗaure katakon rufi da bango da langalanga, wato siririn ƙarfen nan. A gefen kowane layi ka yi alama da fensir ka rubuta "mai kemis". Na bi littafin daga farko har ƙarshe ina neman inda ka rubuta "gida". Ban gani ba.

Da Monita ta fita, na taka kujera na leƙa ta ƙofar silin ɗin ɗakinta. Kowane katako a ɗaure yake, an lanƙwasa ƙarfen sau biyu, tsaf. Na gane hannunka. Shekara huɗu tana kwana a ƙarƙashin wannan kulawar, ba ta ma san da ita ba. Na sauko na yi kuka, Allah ya yafe mini.

Ranar Litinin Baffa ya zo da kafintoci biyu. Ya ce ka faɗa masa a waya a mayar da rufin yadda yake, da sauri, don mu daina ɗora wa mutane nauyi. Na nuna masa littafin. Ya ce, "Kai, injiniya ta iso! Ke, hukuma da kanta ta ce ganin dama ne." Inna ta ce in bar manya su yi aikinsu.

Yanzu ga laifina. Jiya da safe Baffa ya nemi ƙunshin ƙusoshin kwano ya rasa, har ya yi wa kafintocin faɗa. Ba su ba ne. Ni ce. Suna ƙasan jakar makarantata, da su nake zuwa aji, kafaɗata har ta yi tsami. Baffa ya ce jibi zai kawo wasu, shi ya sa na roƙi direban da ke kai muku yashi ya ba ka wannan takardar yau.

Ba gida irin na su Monita nake roƙo ba, a ɗaure mana rufinmu kawai. Ragowar langalangar aikinsu tana nan jingine a bayan ɗakin girkinmu, tsatsa kaɗan ce ta kama ta. Baffa ya ce ɗaurin zai ƙara kwana biyu. Zan iya ƙara kwana biyu a ɗakin Monita, har in ba ta haƙuri.

Don Allah ka kira Baffa kafin jibi. Ko me ka yanke, ka faɗa masa kafintocin ba su da laifi, ni zan kai masa ƙusoshin da hannuna in karɓi hukuncina.

Idan ban ɓata maka rai ba, ka ba ni izini in sake rubuto maka ranar da aka gama rufin, in faɗa maka yadda aka yi shi.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

'Yarka mai biyayya,
Shiru-shiru