Siket ɗin Tsohuwa

Litinin, 4 ga Satumba, 2000. Dover

To, ta tabbata. Ranar ɗaya ga Oktoba Tsohuwa, jirginmu mai shawagi a kan ruwa, za ta yi tashinta na ƙarshe, ita da 'yar'uwarta. A ɗakin shan shayi suka tara mu suka faɗa. Ba wanda ya yi mamaki, man da take sha a rana ɗaya ya isa gari guda. Ni dai na gode Allah. Shekarata sittin da ɗaya, ga fansho, ga lambun albasata.

Yarinyar da ke cika mana takardun sallama ta tambayi aikina. Na ce gyaran siket. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuwana. Na ce ba na mata ba, 'yata. Na ja ta taga na nuna mata baƙar robar da ta kewaye jirgin. Inji ya hura iska a ciki ta kumbura, jirgi ya ɗaga da mutum ɗari huɗu da motocinsu, ya zame a kan teku har Calais. Ƙasan robar guntaye ne jere, muna ce musu yatsu, ruwa na cinye su, mu muna sauyawa. Shekara ashirin da shida ina ƙarƙashinta.

"Kai, lallai ka sha zuwa Faransa," in ji ta.

Na ce shayina yana hucewa.

Talata, 5 ga Satumba

Matata Doreen ta ji a rediyo kafin in buɗe baki. Da safe na tarar da tikitinmu na ma'aikata guda biyu a ƙarƙashin kwanon sukari. Duk shekara ana ba mu, duk shekara da ƙanwarta Beryl take tafiya, ni kuma in ce "baɗi, in mun kai."

"Norman, baɗin ya ƙare," ta ce tana shafa wa burodi man shanu. "Ba zan sake roƙonka ba. Na gaji da zama kusa da Beryl a jirgin mijina."

Na shanye shayina na tafi aiki.

Alhamis, 7 ga Satumba

Yatsu tara yau. Rana ta fito. Albasa ta kusa cira.

Laraba, 13 ga Satumba

Bari in rubuta a nan, tunda ba mai karantawa. Tsoro nake ji. Ba wai na raina jirgin ba, na san shi ne fiye da kima. Fasinja yana ganin kaftin da hularsa da injuna huɗu. Ni na san abin da ke tsakaninsa da teku: roba da ƙusoshin da ni Norman Hogben na ɗaure, wani lokaci da mura a kaina, wani lokaci ina tunanin ƙwallo. Wa zai hau abin da ya ɗaure da hannunsa?

Clive Pilcher, abokin aikina, ya gane tun tuni. Yau muna kwance a ƙarƙashin Tsohuwa ya ce, "Ka ɗaura da kyau, tela, an ce manyan baƙi za su hau." Doreen ta gaya wa matarsa ke nan. Na ce ya miƙo min sifana ya rufe min baki.

Lahadi, 17 ga Satumba

Doreen ta sake dabara. Ta daina maganar tikiti, sai labarin hanya. Wai in ka waiwaya sai ka ga fararen duwatsunmu na bakin teku suna ƙanƙancewa, wai akwai ranar da ta ga kifaye suna tsalle, wai gaɓar Faransa tana tasowa a hankali kamar burodi a tanda. Shekara ashirin ina jin wannan karatun. Yau dai na ce za mu je ranar Litinin ta sama. Ta ajiye cokali ta fita kicin, na ji tana fyace hanci.

Litinin, 25 ga Satumba

Iska! Igiyar ruwa ta wuce ƙa'ida, an soke tashi duka. Mun isa har bakin filin tashin jirgin, Doreen da jar rigarta ta zuwa coci. Da na ga allon sanarwa wani sanyi ya ratsa ni, har na kusa yin dariya. Sai na dube ta. Ta ce, "Ba komai, tsoho, ba laifinka ba ne wannan karon." Wannan karon. Gara ta zage ni.

Na bar ta a mota na koma ofis. Babu wuri, in ji su, makon ƙarshe ne, kowa so yake ya hau. Kaftin Kingsnorth na wucewa ya ji. "Hogben, kai ne ke neman kujera? Kai?" Na ce ni ne, yallaɓai. Ya ce Asabar ƙarfe goma, ko a cinyarsa ne zai ɗauke mu. Da ƙafata na je na nemo wa kaina.

Juma'a, 29 ga Satumba

Na bi duk yatsun hagu na sake taɓa ƙusa ɗaya ɗaya. Clive ya yi na dama ban roƙe shi ba. Ban iya cin kifin rana ba.

Asabar, 30 ga Satumba

Na je. Na dawo.

Tsohuwa ta kumbura ta ɗaga. Ta taga na hango su Clive sun jeru, kowa ya dafe hularsa, yadda nake yi kullum. Clive ya ɗage gefen rigarsa kamar mace mai siket ya rusuna min, ɗan banza. Muka gangara cikin ruwa.

Ƙara kamar a cikin injin niƙa. Jijjiga kuwa, haƙorana har haɗuwa suke. Amma 'yan matan jirgi suna yawo da kofuna ko ɗigo ba ya zuba. Na rufe ido na kasa kunne ƙasa, can ƙarƙashin kujera. Na ji su. Yatsun suna bugun ruwa daidai, ba mai kaɗawa, ba mai fito. Na yi ta saurare har na manta ina tsoro. Ban taɓa jin aikina yana aiki ba sai yau.

Na buɗe ido in ga fararen duwatsun. Ina! Feshin ruwa ya rufe taga ruf, fari fat, ko hannunka ka miƙa ba za ka gani ba. Haka har Calais.

Na yi wa Doreen ihu a kunne, "Ina duwatsun? Ina kifayen?"

"Ba a ganin komai," ta ce. "Ba a taɓa gani ba."

"Shekara ashirin, Doreen!"

"Da na ce maka hazo ne da ƙara, za ka zo?"

Ta riƙe hannuna tana dariya har da hawaye. Minti talatin da biyar. A Calais muka ci burodi da wani cuku mai wari, ta sayi sabulu. Kafin mu koma na zaga na dafa siket ɗin. Lafiya lau yake.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Tashin ƙarshe da yamma. Jama'a maƙil a bakin ruwa. Tsohuwa ta hau fili, ta sauke iska, ta zauna. Clive ya yi kuka, ni iska ce ta shiga min ido.

Talata, 3 ga Oktoba

Na mai da kayan aiki. Na cire albasa, ta yi kyau bana.

Ina tunanin maganar Doreen. Ashe ita ma ba ta taɓa ganin Faransa daga teku ba, duk zuwan nan. A hanyar gida na bi ta ofishin manyan jiragen ruwa na karɓo takardar lokutan tashinsu, don in gani kawai. An ce suna da bene a buɗe, mutum ya tsaya ya yi kallo. Awa ɗaya da rabi, tafiyar kunkuru.

Ba wai ina so ba ne. Na sa takardar a aljihun kwat ɗinta. Na ja layi a ƙarƙashin na ƙarfe tara, saboda da safe an fi gani.