Lallen da ya rufe farcen Inna

Jibiya, daren Talata, damina ta 1978

Inna ta dawo daga bikin Maraɗi, ruwa ya dake ta a bakin iyaka, yanzu numfashi da ƙyar. Malamin asibiti ya kama hannunta zai duba launin farce, ya ga ko iska na isar jininta. Lalle ya rufe komai.

"Hajiya, kin ɓoye mini abin dubawa."

"To ɗana, biki na tahi, ba asibiti ba."

Na tuna mujallar da na karanta a ofishin jaridarmu, kan sabuwar na'urar da ake maƙala wa yatsa, haske ya ratsa, ta faɗi yawan iskar da ke cikin jini. Na yi marmarinta yau. Amma yatsun Inna sanyi ƙalau, suna rawa, ga lalle ya kama har ya yi baƙi. Ina shakkar ko hasken zai faɗi gaskiya. Da muna da ita, ya yi ƙarya mai daɗin ji, da a gida za mu zauna.

Malam ya duba harshenta, ya ce launin bai yi masa ba. Da asuba sai babban asibitin Katsina.

Ina yaro, duk daren da tari ya kama ni, hannunta ɗaya yana cikin zungurun lalle, ɗayan a ƙirjina. Yanzu ni ne da hannu ɗaya nake rubutu, ɗayan yana bayanta. Ta ce in je in kwanta. Na ce to, ban tashi ba.