Kada Ki Zubar da Ƙullun Ya Kaka

Yagana,

Na samu lodin siminti zuwa Babura, na fita da assalatu, ban so in tashe ki ba.

Ki yafe min abin da na faɗa gaban ƙannenki ranar Juma'a, cewa burodinki tsami gare shi, burodin yanka na Kano ne na 'yan birni. Jiya da na dawo kunya ta hana ni magana. A waccan tafiyar mota ta lalace bayan Kanya Babba, kwana uku ina daji. Na Kanon kamar auduga na ci, bai riƙe ciki ba, washegari ya yi fumfuna cikin ledarsa. Naki da kika cusa min ƙarƙashin kujera, shi ya riƙe ni. Ya yi tauri, amma lafiyarsa lau.

Ƙanwarki Dela ta ce yau za ki zubar da tsohon ƙullun tsamin burodin da marigayiya Ya Kaka ta bar miki. Don girman Allah kada ki zubar. Ki ƙara masa gari.

Guda biyun da suka rage a kwando, ni na ɗauka. Ragowar na Kanon ki ba kaji, in za su ci.

Bunu