Bawul ɗin da Ka Mayar Rukuni na Uku

Yaya Radko,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Mama? Ta samu mai gasa mata barkonon bana? Ka gaida matarka Velichka da yara, su ba su yi min komai ba.

Ni lafiya lau a Finland. Mu huɗu ne a ɗaki, sanyi ya tsattsaga min yatsu, amma ina samun barci. Kai fa?

Na ji an ba ka kujerata ta duba kaya a tashar nukiliyar garinmu. Barka. Na kuma ji ka sa hannu a takardar da aka kore ni don na ƙi sa mata hannu: bawul ɗin nan, makunnin bututun ruwan sanyaya tukunyar nukiliya, ka sauke shi daga rukuni na ɗaya zuwa na uku. Na ɗaya, sai an haska kowace walda da na'ura. Na uku, kallon ido ne kawai. Har ka ce wa Mama wai, "Tsvetana taurin kai gare ta, ƙarfe ai ƙarfe ne." Kai da Baba ya koya wa walda da hannunsa!

Kada ka sake aiko min cuku, wancan ma kyauta na yi da shi. Roƙona ɗaya: ka duba ƙwayoyin aidin da ke durowar Mama, waɗanda ake sha in tururin nukiliya ya tsiyayo, ko sun lalace. Ni kilomita dubu biyu ne tsakanina da bawul ɗinka. Mama kuwa ta tagar kicin take hango tashar.

Allah ya tsare ta.

Ƙanwarka,
Tsvetana