Ƙahon da Baba Bai Shanye Ba

Anti Larai, don Allah ki taimake ni, aurena na neman rushewa saboda kurɓi ɗaya na giya.

Ni 'yar Dschang ce, ina koyarwa a Douala, duk a ƙasar Kamaru. Wanda zan aura, Kenfack, yana da ɗan wurin dafa giya nasa na kansa. Ba irin ta kamfani yake yi ba, yana sa mata kokon cakulan da kwakwa da zuma, in ka kurɓa sai ka rantse kek aka narkar a kwalba. 'Yan birni rububinta suke yi, shi kuwa ji yake da ita kamar 'yar fari.

Ranar da danginsa suka zo neman aurena, ita ya kawo maimakon bammi. Na ce masa tsofaffinmu ba su san wannan ba, ya yi dariya ya ce ranar za su sani. A wurinmu yarinya ce ke zuba abin sha a ƙahon da mahaifinta yake sha da shi, ta kurɓa, ta durƙusa ta miƙa masa. In ya shanye ya ba da ita, in ya ajiye ya hana. Ni kuma don a ga ina alfahari da mijina, na cika ƙahon har yana tumbatsa.

Baba ya kurɓa, ya riƙe a baki, na ga fuskarsa ta canza. Ya haɗiye da ƙyar, ya jingine ƙahon a ƙafar kujera. Kawun Kenfack ya miƙe ya ce, "To, mun ji amsa. Ku tashi mu tafi, ba za a kore mu sau biyu ba." Gwaggota kuma, maimakon ta yi shiru, sai cewa ta yi, "Ai ku ne kuka kawo wa dattijo abin shan 'yan yaye."

Anti, ni kaɗai na san dalili. Baba yana da ciwon suga, ni nake kai shi asibiti, ya kuma rantsar da ni kada kowa ya ji. Shi ne shugaban gidanmu, ƙannensa kuwa jira suke su ga ya raunana su fara rabon gonakin kofi. Da ya ji zaƙin nan tsoro ne ya kama shi. Yanzu Kenfack ya ce an wulaƙanta shi da sana'arsa a gaban danginsa, in na kira shi sai ya amsa a daƙile. Kawunsa ya ce in wata ya ƙare babu bayani, magana ta mutu. Baba kuma ko kallona ba ya yi. Ina jin haushin Baba da Kenfack, na fi jin haushin kaina. In na faɗi gaskiya na ci amanar ubana, in na yi shiru na rasa miji. Ina zan sa kaina?

Taki,
Mai Ƙaho a Hannu

*

'Yata, ni ban taɓa kai giya bakina ba, don haka ba zan ce miki ta Kenfack tana da daɗi ko babu ba. Amma na ga inda kowa ya yi kuskure. Kenfack ya mai da ranar neman aure ranar tallan hajarsa, bayan kin gargaɗe shi. Baba ya zaɓi a ce ya ƙi surukinsa da a ce ba shi da lafiya. Ke kuma kin san ciwonsa, kin san abin da ke cikin kwalbar, kika cika ƙaho. Ban faɗa don in ƙara miki zafi ba, sai don mafitar tana nan.

Sirrin na Baba ne, kada ki kai shi ko'ina. Ki hau mota ki je Dschang, ki same shi shi kaɗai, ki gaya masa ƙarara cewa shirunsa zai raba ki da mijin da kike so. Ki roƙe shi ya kira Kenfack ya faɗa masa da bakinsa, ko ya ba ki izini. Wanda zai zama ɗa a gida ya kamata ya iya riƙe wannan. In kuwa Kenfack ya ji dalili ya ci gaba da kumburi saboda giyarsa, gara ki sani tun yanzu.

Sauran dangi ba sa buƙatar dogon bayani. A ce musu dattijo yana son abin da ya saba, a sake sa rana, Kenfack ya kawo bammi, tasa kuma a raba wa matasa a tsakar gida. Kafin nan ki tambayi likitan Baba iya abin da zai iya sha.

Kin ce al'adarku ta ce uba ya shanye. Ban ji kin ce ta faɗi yawan abin da za a zuba ba, kuma babu mai leƙa cikin ƙaho sai ke da shi. Ranar ki zuba ɗan kaɗan, ki fara yin naki kurɓin babba, ki bar masa abin jiƙa harshe. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa ki ga ƙahon nan a kife, an shanye tas.

Anti Larai