Rafin da Ya Bushe a Kan Kwali

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan lukutin yarona. Haƙoran nasa sun fito kuwa? Mama na gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran kwanonta.

Yaya, wata magana ke cina. Malamar zane ta ce kowa ya zana unguwarsu, za a kafe a zauren makaranta iyaye su zo kallo. Da na leƙa bayan gida ban ga komai ba sai ramuka da tarin bulo. Sai na zana rafin nan yadda kike ba ni labarinsa, zamanin da kuke wanki a bakinsa. Koren fenti ya ƙare a aji kafin layi ya zo kaina, kin san ni kuwa, bakina ba ya buɗuwa a cikin mutane. Sai na daka ganyen gwanda a turmin Mama na tace da tsumma, ruwan rafin kuma na yi shi da bular wanki. Na sha faɗa a kan turmi, amma wallahi ya yi kyau. Har zama na yi ina jiran wani mai farar riga ya ɓullo daga bayan bishiya, irin na littattafan soyayyar da kika bar mini. Kar ki yi dariya.

Tsorona Baba. Shi ke jan tifar da ke kwashe yashin rafin. In ya gani zai ɗauka gori nake masa, dama ya ce zane aikin marasa aikin yi ne. In ya ce in daina, shi ke nan.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ya jikin yaro da zazzaɓin haƙori? Allah ya ƙara sauƙi.

Ashe ruwan ganye ba ya riƙe launi! Malama ta kafe zanen kusa da taga, rana ta yi ta dukansa. Ranar taro bishiyoyina duk sun koma ruwan ƙasa, bular ta koɗe. Rafin ya bushe a kan kwali kamar yadda ya bushe a bayan gida. Na laɓe bayan ƙofa ina neman ƙasa ta tsage in shige.

Sai ga Baba da kayan aikinsa. Ya tsaya gaban zanen ya ƙare masa kallo, sannan ya kira ni, wai na yi kuskure. Ya ɗora yatsa a kwanar rafin, ya ce nan akwai wata tsamiya da ta sunkuya kan ruwa, na manta da ita. A gindinta ya fara ganin Mama, sabulunta ya suɓuce ya tsamo mata. Mama ta ce wane tsamowa, garin kallo ya zame ya faɗa ruwa, ita ta miƙa masa sanda. Matan da ke wurin har da tafawa. Yaya, duk littattafan da na cinye, ashe wanda ya fi daɗi yana cikin gidanmu!

Bai ajiye tifa ba, da ita muke ci. Amma jiya ya dawo da gwangwanin koren fenti, da 'yar tsamiya a leda, ya zaunar da ita a kujerar gaba kamar amarya. Mun dasa ta a bakin ramin. Ya ce in riƙa zana ta duk shekara, a ga wa zai fi kore, ni ko ita. Tsohon zanen kuwa ya hana ni gyarawa, ya kafe shi a ɗakinsa a haka.

Ki zo kafin tsamiyar ta fi yaronki tsawo. Ki taho da kwanon.

Mai kewarki kullum,
Auta